Wuƙar Damtse a Gidan Ammi Bakur

Sai da na yi sati uku a Makka kafin na yarda cewa an cuce ni. Ni Lawali, mahauci ɗan mahauci daga ƙasar Gobir, wanda ko a kasuwar shanu ba a taɓa sayar mini da gurguwa ba, wai ni wani ejan mai ƙamshin turare ya yi wa wayo. Ya ce akwai babban otal kusa da Harami da ke neman mai yanka da fiɗa, ga ɗaki, ga abinci. Da muka sauka Jidda ya sa ni a mota, ya ba ni lambar wani mutum ya ce shi zai tarbe ni. Lambar tana shiga, amma har yau ba a ɗauka ba. Otal ɗin kuwa na same shi, yana nan tsaye ƙerere, sai dai namansu a kwali yake zuwa, a daskare. Da na gaya wa mai gadin ƙofa abin da ya kawo ni, dariya ya yi har da riƙe ciki.

Gara in faɗa muku wani abu game da ni tun yanzu, don shi ne tushen labarin. Ina da wuƙar damtse. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi tafin hannu da yatsu ba, kubenta na jan fata ne mai zobe, ana zura shi a damtsen hagu, ƙotar na kallon ƙasa. Babana ya ɗaura mini ita ranar da na fara bin sa kasuwannin ƙauye sayen shanu. A wajenmu wannan ba abin magana ba ne, kamar hula ce. Allah shaida ban taɓa zare ta a kan mutum ba. Igiya na yanka da ita, da rake, da farce. Cikin kayan sana'ata ta shigo ƙasar, kuma ranar da na iso na yi umara tana ƙasan jaka, ban ko tuna da ita ba.

Zangona na farko Tandabawi ne, tsohuwar unguwa mai lunguna da hawa da gangara. Mu bakwai a ɗaki guda, kowa da ƙasarsa, kowa da irin ejan ɗin da ya yi masa tasa. Akwai wani da muka riƙa cin abinci a tire ɗaya, yana kirana ɗan'uwa, har na ba shi labarin matata da 'ya'yana biyu. Wata safiya na dawo daga wanka na tarar ba shi, ba wayata, ba takalmana. Wayar ba ta ƙona mini rai kamar takalman ba. Mutum ya bar ka a garin da ba ka san kowa ba, ƙafa a ƙasa, kwalta na tafasa! A ranar na zazzage jakata na ɗauko wuƙar na zura ta a inda ta saba zama. Na samo jallabiya irin tasu mai maɓalli a wuyan hannu, wadda ko alwala za ka yi ba ta wuce gwiwar hannu. Daga nan na ji na dawo mutum.

A masallacin unguwar na haɗu da Malam Nuhu, Bazazzagi ne, yana karatun hadisi. Shi ya ga ina tafiya da silifas ɗin banɗaki wari daban-daban, bai tambaye ni komai ba, washegari ya zo da takalma a leda. Shi ya kai ni gidan wata tsohuwa 'yar Damagaram mai yin tuwo da miyar kuka. Da ƙamshin daddawa ya buge ni sai da na juya na kalli bango, don kada a ga idona. Na yi kewar gida a ranar kamar in bi hanya da ƙafa.

Malam Nuhu mai ido ne. Wata rana muna tafiya ya dafa kafaɗata, hannunsa ya sauka a kan kuben. Ya tsaya. Ya ce mini a hankali malamai sun karantar cewa garin nan ba a yawo da makami a cikinsa, kuma ko ba don haka ba, in shurɗa, wato 'yan sandansu, suka kama ni da ita jirgi za su sa ni. Na ce, “Malam, kai littafi ne abin tsaronka, wa ya ce ka ajiye shi?” Ya girgiza kai ya ce bakina ya fi wuƙar kaifi. Bai sake tayar da maganar ba, amma shi ne dai ya nemo mini aiki.

Zango na biyu ke nan, a bayan unguwar Aziziyya, wajen Ammi Bakur. Tsoho ne ɗan ƙasa, a Makka aka haife shi aka haifi ubansa, amma kakansa daga Katsina ya tako da ƙafa. Hausarsa rabi ce, rabi Larabci, in ya fusata kuma duk Larabci ce. Yana da istiraha, wato wani babban fili mai katanga da rumfuna da ɗakin girki, ana haya don walima da suna da shagalin Sallah. Da Malam Nuhu ya kai ni, tsohon bai tambayi takarda ba. Rago ya nuna mini. To, nan fa aka zo wajena. Kafin ya gama shan shayinsa na yanka, na feɗe, na fitar da fata ba huda ko ɗaya, na jera nama gaɓa-gaɓa. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya ce, “Mashallah, ya waladi.” Cikin wata guda ya bi duk hanyar da ake bi ya mayar da iƙamata ƙarƙashinsa. Takardar zamana a ƙasar ke nan, kuma daga ranar zamana da abincin iyalina suka koma hannun tsohon nan. Ya ba ni ɗaki ni kaɗai, mai ƙofa da makulli.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, a ranar farko, muna tsaye a bakin ƙofa. Ƙarfe ba ya shiga filinsa. Wuƙaƙen aiki suna ɗakin girki, a can suke kwana, ranar taro kuma in an gama yanka nama shi da kansa yake kulle su. Baƙo ko wane ne, in yana da wuƙa ko da ta ado ce, ya bar ta a mota. Ya ce shekarun baya ana wasan mizmar, wato rawar sanda irin tasu, a wani biki, wani saurayi da aka taka wa ƙafa ya zaro abin da ba wanda ya san yana da shi, ɗan ƙanwar shi Ammi Bakur ya shiga rabo, har yau hannunsa na dama ba ya ɗaukar kofi. Sannan ya dube ni ya ce, “Kana da wani abu a jikinka?”

Na ce ba ni da komai.

Ƙarya na yi, kuma ban ji nauyinta ba a lokacin, don na riga na shirya hujjata. Filin nasa ne, na yarda. Amma damtsen nawa ne. Abin da ke ƙarƙashin rigata tsakanina ne da Allah. Ni da nake wuni da wuƙar da ta fi wannan tsawo sau uku, me 'yar wannan za ta ƙara? Kuma ni ba yaro ba ne da za a taka wa ƙafa in zare. Dokar ta mahaukata ce, ni kuwa da hankalina. Haka na riƙa gaya wa kaina, kuma wallahi har yanzu in na saurari hujjar sai in ji kamar tana da ƙafafu.

Na yi wata biyar a haka, aiki na tafiya sumul. Na koyi dafa mandi, shinkafa da naman da suke dafawa a rami, har Larabawa suna tambayar wane ne a ɗakin girki. Ammi Bakur yana zuwa ya zauna kusa da ni yana tambayata sunayen abubuwa da Hausa, in ya tuna wata kalmar kakarsa sai ya yi ta murna. Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba. Tun umarar farko ban sake shiga Harami ba. A ƙofofin akwai masu dubawa, ni kuwa ga abin da ke jikina. Harami kuma, wato tufar umara, ba ta da hannun riga balle maɓalli. In bar wuƙar a ɗaki? Na gwada sau ɗaya, ban kai bakin titi ba na ji kamar tsirara nake, na dawo. Azumi ya zo, duniya duk ta taru a Makka, mutane na sayar da gonaki don su zo inda nake, ni kuwa ina masallacin unguwa. Sau uku Malam Nuhu na cewa mu je umara, sau uku ina cewa ƙafata ke ciwo.

Kashegarin Ƙaramar Sallah Ammi Bakur yakan buɗe filin ga dangi da 'yan unguwa, kyauta. Tun safe muke yanka. Da azahar aka ci, aka kulle wuƙaƙe, na je na yi wanka. A nan na yi wautar da ta tona ni. Matata ta ɗinka mini riga ta shadda kafin in taho, ruwan ƙasa-ƙasa, mai faɗin hannu irin tamu, ban taɓa sa ta ba. Na ce yau Sallah, ba zan sa jallabiyar mutane ba, kayan gida zan sa. Na san hannunta na da faɗi. Na ce ai tire kawai zan ɗauka, hannuna na ƙasa.

Bayan la'asar aka fara mizmar. Maza suka yi da'ira, ana buga ganguna ana tafi, biyu-biyu suna shiga tsakiya kowa da doguwar sanda yana juya ta sama da kansa. Kiɗan ya shige ni, don akwai wani abu na gida a cikinsa, kamar kalangun mahauta in an sassauta shi. Ina tsaye da tiren shayi ina kaɗa kai, sai wani jikan gidan, magidanci ne mai raha, ya karɓe tiren ya danƙa mini sanda ya tura ni ciki. Aka ɗauki tafi ana kiran sunana. Ni kuwa ba a yi mini haka in noƙe. Na ɗaga sandar da hannu biyu, sama can, na juya.

Hannun rigar ya zame har kafaɗa.

Mai babbar ganga ne ya fara tsayawa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda muke rawa da shi ya ja da baya. Na ga wani mutum ya jawo 'yarsa ya mayar da ita bayansa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don da safe ni na yanko wa yarinyar nan hanta na gasa mata. A gefe kuma ga wani zaune da hannun dama a kan cinya, a shanye, yana kallona. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba.

Ammi Bakur bai ɗaga murya ba. Ya taso ya kama hannun rigata ya sauke shi da kansa, ya ce wa makaɗa su ci gaba, ya ja ni har bakin ƙofa, daidai inda ya tambaye ni ranar farko. Ni na fara magana, don na san in na bari ya fara na shiga uku. Na zazzage masa hujjar nan tawa kaf. Na ce ban taɓa zare ta ba, na ce an sace ni a garin nan, na ce gadon ubana ce, na ce ni da nake riƙe masa manyan wuƙaƙe kullum.

Ya bari na gama. Ya ce, “Waɗancan na san da su. Wannan ban sani ba.” Ya nuna cikin filin da haɓarsa. “Mutanen nan sun kawo 'ya'yansu don na ce musu ba ƙarfe a gidana. Shekara da shekaru maganata ke gadin ƙofar nan, ba ni da wani mai gadi. Kai ka mayar da ni maƙaryaci, wata biyar, kana cin abincina.”

Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi ita in koma ciki, halas, magana ta ƙare. In kuwa ba zan bayar ba, ga hanya.

Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da a nan labarin ya ƙare. Amma akwai mutane a bakin ƙofa suna leƙe, jinin Gobir kuma ya hau mini kai. Na ce abin da ubana ya ɗaura mini ba mai kwance shi. Na shiga ɗaki na haɗa jakata na fita, kiɗa na tashi a bayana.

Zango na uku ba shi da suna, don ba wuri ɗaya ba ne. Na koma Tandabawi na tarar an ba wani shimfiɗata. Na kwana biyu wajen Malam Nuhu, wanda bai ce mini “na gaya maka” ba. Na samu aikin sauke katan-katan na ruwa a wajen Muzdalifa, inda ake shirin zuwan alhazai, rana na dukan mutum kamar an aiko ta. Aikin Hajji na matsowa, shingayen bincike suna ƙaruwa a kowace hanya. Iƙamata na ɗauke da sunan mutumin da na fita daga gidansa da fushi. Kalma ɗaya zai faɗa a ofis cewa ma'aikacinsa ya gudu, shi ke nan, sai jirgi, in koma gida da jaka da riga ruwan ƙasa. Kullum na ga motar shurɗa sai in matse hannun hagu a jikina in sauya lungu. Wata rana na kama kaina ina laɓe a bayan motar ruwa, ni Lawali, saboda wani ɗan sanda da ke sayen lemo. Abin da na ɗaura don kada in ji tsoro, shi ya sa nake tsoron kowa.

Ranar wata Juma'a da hantsi na ari wayar Malam Nuhu na kira babana. Niyyata ya yaba mini. Na ba shi labari tiryan-tiryan, na ƙawata inda na ce ba mai kwance abin da ya ɗaura. Na jira.

Ya ce, “Gidan wa ka ce?”

Na ce gidan mutumin da nake wa aiki.

“Ka ci tuwonai?”

Na ce wata biyar.

“Tana ga jikinka?”

Na ce tana nan. Ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya tambaye ni ko na manta ƙusar da ke zaurenmu, ta hannun dama in ka shigo. Ban manta ba. Na dai daina tunaninta ne. Duk baƙon da ya zo gidanmu, Bafillace ne ko Buzu ko ɗan'uwa, a nan yake rataye tasa kafin ya zauna a tabarma. Shi ma babana, duk gidan da muka sauka a yawon kasuwa, a zaure yake zare tasa ya miƙa wa mai gida da hannu biyu, ƙota a gaba. Na gani sau ba adadi. A hanya ake ɗaura ta. Ban taɓa ganin ya ci abincin mutum da ita a jikinsa ba.

Ya ce, “Laifina ne. Na koya ma ɗaurawa, ban koya ma kwancewa ba.” Ya kashe wayar, ko sallama bai yi ba.

Washegari da safe na tafi Aziziyya. Ban shiga ba. Na tsaya a waje, a kan titi, na aika a gaya wa Ammi Bakur ina ƙofa. Ya daɗe kafin ya fito, ina jin da gangan ne, kuma na cancanci haka. Da ya fito na naɗe hannun jallabiyata har kafaɗa a gabansa. Zoben kuben ya kama naman, sai da na murza shi kafin ya sauko. Inda ya zauna fatar ta yi fari sol, ta zagaye damtsen kamar an ɗaura mini tsumma. Na riƙe ta da hannu biyu, ƙota wajensa. Na ce, “Ammi, ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Gidanka ne. Ga ta.”

Bai karɓa nan take ba. Ya kalli wuƙar, ya kalli farin da ke hannuna. Ya ce kakansa ma yana da irin wannan tabon, yana yaro ya sha tambayar kakarsa ko ƙuna ce. Sannan ya karɓa, shi ma da hannu biyu, ban san wa ya koya masa ba. Ya shiga ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa ya rataye ta a ƙusar da yake rataye makullai, inda duk mai shiga zai gani. Ya ce tawa ce, ba ya so, duk ranar da zan bar Makka in ɗauka.

Na tambaye shi zancen iƙamata, ko ya kai ƙara. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ɗakina yana nan yadda na bar shi, kuma wanda ya ɗauka a madadina ya huda masa fata huɗu. Amma kafin in taɓa rago, akwai mutumin da zan je in gaisar, ɗan ƙanwarsa. Na je a ranar. Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa, ya ce in zauna a kawo shayi.

Bayan kwana uku na kira Malam Nuhu na ce ƙafar ta warke. Ya ce alhamdu lillahi, dama ya san ba a ƙafa ciwon yake ba. Muka je Tan'im muka ɗaura harami. Da muka iso ƙofar masallaci mai dubawa ya ɗago kai, ni kuwa na buɗe hannuwana duka biyu tun bai tambaya ba, har ya yi murmushi ya ce in wuce. Na shiga cikin dubban mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wanda na sani, ba abin da ke jikina sai ƙyalle biyu. Wata takwas ina garin kafin na sake ganin Ka'aba.

Wuƙar tana nan a ƙusar Ammi Bakur, ina wuce ta safe da yamma. Farin da ke damtsena kuwa bai daɗe ba. A shekarar na yi aikin Hajji, kafin mu sauko daga Arfa rana ta mayar da shi kalar sauran jikina.